Buroshin Wutsiyar Saniya

Idan masu koyon zane suka zo wurina yanzu suna tambayar sirrin aiki da fentin nan na ruwa mai saurin bushewa, wanda 'yan boko ke kira akirilik, amsata ɗaya ce. Ka ajiye ƙoƙon ruwa kusa da hannunka, kuma kada ka yarda buroshinka ya bushe da fenti a jikinsa, ko da an ce maka gobara ta tashi a gidanku. Sai su yi dariya, suna zaton tsufa ne ya sa nake ƙara gishiri. Ni ban samu wanda ya gaya mini haka ba a lokacin da nake bukata, kuma abin da ya biyo baya har yau yana ci mini rai.

A bazarar da ta biyo bayan babban farin nan na shekarar saba'in da uku, ni mai fentin mota ne a Gumel. Manyan motoci masu bodin katako nake yi wa ado: zaki a baya, dawisu a gefe, furanni a ƙofa, sai rubutun da direba ya zaɓa a goshi. Da fentin mai nake aiki, na gwangwani, wanda yakan kwana biyu bai bushe ba. In ka yi kuskure da safe, da yamma ma kana iya gogewa da tsumma. In ka gama sai ka tsoma buroshi a gwangwanin kananzir ka kama gabanka. Shekara goma sha ɗaya hannuna bai san wata hanya ba sai wannan.

To amma a shekarar nan wa yake ta zaki da dawisu? Motocin da ke zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis fatu suke lodi, na shanun da suka faɗi a hanya da na waɗanda aka yanka suna gargara. Wata huɗu ban taɓa jikin mota ba. Da na buɗe gwangwanin jan fenti sai na tarar ya daskare kamar ƙanzo, farin kuwa ya ƙare tun tuni. Duk da haka kowace Alhamis sai na je Maigatari na zauna a inuwar tasha da akwatina, don dai kada maiɗakina ta wuni tana kallona ina kallonta.

A cikin akwatin akwai wata tsaraba da ban taɓa amfani da ita ba. Wani direba abokina mai hawa Damagaram ne ya kawo mini, ya ce wani Bafaranshe malamin makaranta ne ya ba shi da zai koma ƙasarsu. Fenti ne a cikin 'yan kwanso guda shida, irin na man goge baki, duk jikinsu rubutun Faransanci wanda daga ni har shi babu mai karantawa. Abin da ya riƙe kawai shi ne Baturen ya ce da ruwa ake dama shi. Na ce masa fenti da ruwa, kunu ne? Na jefa su ƙasan akwati na manta. Akwai kuma buroshina ɗaya tilo mai laushi, ɗan siriri, wanda na sayo a Kano, da shi nake fitar da idon zaki da gashin bakinsa. Sauran duk masu faɗi ne na shafe bodi, da su da tsintsiya ba su da maraba.

Wata Alhamis wani Bafulatani ya tsaya a kaina. Zai yi shekara arba'in, dogo, ya rame har ana ƙirga ƙasusuwan wuyansa. Ya yi sallama ya tsuguna.

"Malam, kai ne mai yin hoton dabbobi a jikin mota?"

"Ni ne, in akwai motar."

"Ba ni da mota. Saniya nake so."

"Ai kuwa ka zo kasuwar da ta dace. Ga su can ana rabarwa, har roƙonka za a yi ka ɗauka."

Bai yi dariya ba. Ya dube ni kawai, ni kuma na ji kunyar bakina, don na daɗe da sanin cewa shi ne babban aibina.

Ya ce rugarsu tana bayan Gagarawa Tasha. Garken mahaifinsa ya ƙare ƙurmus, ɗaya bayan ɗaya, har ya rage saniya guda, ja, daga zuriyar wadda kakansa ya ba mahaifin nasa tun yana yaro. Mako uku da suka wuce ita ma ta durƙusa a bakin rijiyar da ta ƙafe, ba ta tashi ba. Tsohon ya yanke wutsiyarta ya dawo da ita gida. Tun ranar ya kwanta ya juya wa duniya baya, wutsiyar a hannunsa. Ba ya cin komai, ruwa ma sai an yi da gaske yake kurɓa.

"Shekaranjiya ya kira ni," in ji shi. "Ya ce in ya rufe ido ba ya ganin fuskarta. Ya ce ya fara manta ta. Malam, ban taɓa ganin hawayen Baffa ba sai ranar. Na ce in ya gan ta ko a jikin katako ne, wataƙila ya tashi ya sa wani abu a cikinsa. In bai ci ba nan da 'yan kwanaki, za mu rasa shi."

Ya ciro wani ƙunshin tsumma daga cikin rigarsa ya warware. Wutsiyar ce, ta bushe, sama jan gashi gajere, ƙasa dogon gashi baƙi mai sheƙi. Ya ce ya roƙi tsohon ya ba shi aro na kwana uku don in ga launinta, kuma ya yi masa rantsuwa zai mayar masa da ita yadda take. Sannan ya zauna ya siffanta mini ita: farin tabo a goshi wanda ya karkata hagu, ƙahon dama ya fi na hagu miƙewa, kunne ɗaya da tsaga, tozo ɗan madaidaici. Ya faɗi sunanta ma, amma wannan nasu ne, ba zan rubuta shi ba. Muka yi da shi zai zo Gumel ranar Lahadi da safe mu tafi tare.

Na ce masa to. Ban gaya masa ba ni da jan fenti ba, ban kuma gaya masa ban taɓa zana saniyar da wani ya sani ba. Zaki kowa ya yarda da shi a yadda ka yi shi, don babu direban da ya taɓa kiwon zaki.

Ranar Juma'a da sassafe na samo fallen katako daga tsohuwar ƙofar mota, na kankare shi, na fitar da siffar saniya da gawayi. Na zaro kwanson Baturen nan na matsa ja a kan murfin kwano, da yawa, yadda na saba zuba fentin mai. Launin ya yi kyau har na ji daɗi. Na matsa fari daga wani kwanson na shafa shi kai tsaye a katakon don ya yi shimfiɗa, na juya in wanke hannu, kafin in juyo ya bushe. Na ce ikon Allah.

Daga nan murnata ta ƙare. Na sa ja a wuyan saniya, na ɗebo ruwan ƙasa in haɗa su a jikin katakon yadda nake yi kullum, sai na tarar jan ya riga ya kama, ba ya motsi. Abin da na matsa a murfin kwano kuwa ya yi fata a sama, na taɓa shi ya biyo yatsana kamar roba. Rabin jan da nake da shi a duniya ya lalace ban shafa ba. Wanda na shafa kuma, da ya bushe sai ya yi duhu, ya bar launin wutsiyar da ke gabana ya koma na hanta. Na zagi fentin, na zagi Baturen, na haɗa da direban da ya kawo shi. Zafin Gumel na bazara kuwa yana taya fentin, ko minti biyar ba ya yi da laima.

Ina cikin wannan faɗa aka yi kiran sallar Juma'a. Hannuna ya yi abin da ya saba ba tare da ya shawarce ni ba. Na tsoma siririn buroshina a gwangwanin kananzir, na zura riga na tafi masallaci.

Da na dawo na zaro shi, sai na ga gashin ya cure wuri guda, fentin ya zama wani dunƙule mai yauƙi tun daga baki har gindi. Na wanke da kananzir, ya ƙara danƙo. Na sa sabulu, na sa ruwan zafi, na ɗauko matajin maiɗakina na taje. Gashin ya riƙa fitowa a hannuna, abin da ya rage kuma ya barbazu ko'ina. Na zauna a ƙasa da sandan buroshi a hannu, gumi yana zuba, ina tunanin wani tsoho a bayan Gagarawa Tasha da aka karɓe wa abu ɗaya da ya rage masa saboda ni.

Na zaga Gumel kaf. Mai kayan gini yana da buroshin shafar bango kawai. Wani tsohon abokin sana'ata ya sayar da nasa kayan ya tafi Kano ci-rani. Na dawo na tauna asuwaki na gwada, ya yi mini zane kamar kaza ta bi ta kan katakon. Na gwada gashin zabo, ya lanƙwashe. Na je gidan maƙwabcina na aske wa akuyarsa gefen wuya, gashin ya yi gajarta, ya ƙi ɗauruwa. Da buroshi mai faɗi zan iya shafe jikin saniya, amma ido da tsagar kunne da bakin farin tabo, waɗanda su ne ita, babu hali.

Asabar da hantsi ina zaune ina kallon wutsiyar a kan tabarma. Gashin nan baƙi, dogo, miƙaƙƙe, mai ƙarfi. Maiɗakina ta fito da tsintsiya ta ga inda idona yake, ta tsaya.

"Malam, amana ce fa."

"Na sani."

"In ka sani to ɗauke idonka daga kanta. Ka gaya wa mutumin nan gaskiya gobe, ka mayar masa da kayansa."

"In mayar masa da wutsiya ya kai wa ubansa ya rungume ya mutu? Ke za ki je ki gaya masa?"

"In kuma hoton bai yi ba fa? Ka ga babu wutsiya, babu hoto."

Na daka mata tsawa na ce ta ba ni wuri, don na san gaskiya ta faɗa. Ta shige ɗaki. Na ɗauki reza na yi bisimilla, na yanki gashin daga can ciki inda nake zaton ba za a lura ba.

Na farkon ban ɗaure shi da kyau ba, ina tsoma shi a ruwa ya zube. Na sake yanka. Na biyun na datse bakinsa da almakashi don ya daidaita, sai ya zama dagi, yana karce fenti. A nan na gane ba a yanke bakin gashin buroshi, tsinin da Allah ya yi masa shi ake bari. Na sake yanka. Wannan karon na jera gashin ɗaya bayan ɗaya, tsini duk yana kallon gefe guda, na ɗaure gindin da zaren ɗinki, na shafa sholisho na facin keke, na naɗe da ƙyallen gwangwanin madara a kan tsohon sandan. Na tsoma a ruwa na murza bakin da yatsa, ya yi tsini ya tsaya. Na juya na dubi wutsiyar. Fiye da rabin gashin ya tafi, gefe ɗaya har fata ake gani.

A wunin nan na koyi duk abin da nake koyar da mutane yau. In matsa fenti kaɗan, kamar ƙwayar wake. In rufe murfin kwanon da jiƙaƙƙen tsumma. In dama launi ya ɗan fi wanda nake so haske, tunda zai yi duhu. In shafa siriri-siriri, in bar shi ya bushe, in ƙara wani a kai. Buroshi kuwa daga hannuna sai ruwa, kuma ba na barinsa tsaye a kan bakinsa cikin ƙoƙo, sai in ɗauraye in kwantar. Na kuma gano alheri ɗaya na wannan fenti: in ka ɓata wuri, ka jira kaɗan ka rufe shi da wani launi, kamar ba a yi ba. Kafin magariba saniya ta tsaya a jikin katako, ja, da farin goshinta.

Lahadi ɗan tsohon ya zo. Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce, "Ta yi kama, Malam." Na san kara ce irin tasu. Na miƙa masa ƙunshin tsummansa a ɗaure, ya sa a riga bai buɗe ba. Muka hau mota zuwa Gagarawa Tasha, daga nan muka taka da ƙafa, ni da akwatina shi da katakon a ka. Sau uku ina buɗe baki in gaya masa, sau uku ina fasawa.

Rugar bukka uku ce, ga turakun shanu a jere babu ko ɗaya a ɗaure. Matar ɗan ta shimfiɗa mana tabarma, muka shiga bukkar tsohon. Yana kwance ya fuskanci zana, ƙafafunsa kamar sanduna. Ɗan ya yi masa magana da Fulatanci, ya tallafo shi, ya jingina katakon a inda haske ke shigowa. Tsohon ya ƙura ido. Ni kuwa numfashi ma a hankali nake yi.

"Wannan saniyar wani ce," in ji shi da Hausa, don in ji. Ya koma ya kwanta, ya miƙo hannu baya wajen ɗansa.

Ɗan ya warware tsumman. Na ga fuskarsa lokacin da ya ga wutsiyar, kuma ba na fatan in sake ganin irin wannan kallo. Ya sa ta a hannun mahaifinsa, don babu yadda zai yi. Yatsun tsohon suka bi ta daga sama zuwa ƙasa, suka tsaya a inda na yi wa ƙwal.

"Wa ya yi mata haka?"

Na durƙusa. "Ni ne, Baffa. Ɗanka bai sani ba. Buroshina ne ya lalace, na rasa abin da zan zana ta da shi, na ci amanarku. Ga abin da na yi da gashin." Na ciro buroshin na ajiye a gefen hannunsa. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ya lalubo shi ya ɗauka. Ya shafa bakin a tafin hannunsa, ya kai hanci, ya shafa a kumatu. Can sai ya ce wa ɗansa ya tashe shi zaune.

"Da wannan ka yi ta?"

"Da shi, Baffa."

"To gashinta ne ya yi mata ƙarya haka? Wa ya ce maka ƙahonta ya miƙe kamar na bajimi? Nan ya lanƙwasa, tun tana maraƙa ta faɗa rami." Ya nuna da yatsa. "Farin nan kuma bai tsaya a nan ba, ya gangaro har kusa da hanci."

Na ce masa ana iya gyarawa yanzu-yanzu. Na roƙi ruwa, matar ɗan ta kawo a ƙoƙo, na san kuma daga na shansu ta rage. Na rufe ƙahon, muka jira ya bushe, na sake fitar da shi yana gaya mini. Ya yi ta yi mini faɗa, in na wuce ya ce na wuce, in na gaza ya ce ko makaho ne ni. Yana gyara ni yana tuno ta: ranar da ta haifi maraƙin fari, yadda take ƙin shan ruwa in wata ta riga ta sa baki. Wajen la'asar hannunsa ya kasa ɗaguwa. Surukarsa ta matso da ƙoƙon kunu, shi kuma ya karɓa ya kurɓa sau huɗu, idonsa a kan katakon. Ɗan ya fita waje da sauri, na jiyo shi yana share hanci.

Da zan tafi tsohon ya ce, "Saura ido. Ba haka take kallona ba. Ka dawo." Na wanke buroshin da sabulu, na gyara masa baki, na bar masa shi tare da abin da ya rage na wutsiyar.

Ɗan ya raka ni har hanya. Ina jiran ya zage ni, na ma fi son ya zage ni. Sai ya kama hannuna da hannu biyu.

"Malam, don girman Allah kada ka gama idon nan. In ka gama zai koma ya kwanta."

Haka na shiga zuwa kowace Lahadi. Tsohon yana cin ɗan abin da ya samu daga Lahadi zuwa Lahadi don ya sami ƙarfin yi mini faɗa. Ni kuma in gyara kunne in ɓata wuya, in gyara wuya in taɓa tozo, ido kuwa kullum in ce sai mako mai zuwa. Gaskiyar magana ko da na so gama shi ba zan iya ba. Na gwada har sau biyu da zuciya ɗaya, ya ce ba ita ba ce.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne kwanson nan suna ta lafewa. Ja ne ya fara ƙarewa, kuma duk sanda na matsa shi sai na tuna rabin da na zubar a murfin kwano ranar farko, in ji kamar in mari kaina. Na tsaga kwanson da reza na kankare cikinsa. Fari ya bi bayansa. Na tare direban nan a Maigatari na roƙe shi ya duba mini Damagaram, ya dawo ya ce ya zaga kantuna babu wanda ya san irinsa. Na aika Kano, aka kawo mini na 'yan makaranta wanda ruwa ke wankewa. Fentin mai kuwa ko na samu ba zai yi ba, don tsohon da yatsa yake bin hoton, zai kwaɓe shi tun bai bushe ba. Buroshin ma kowane zuwa sai ya zubar da gashi biyu ko uku, tsohon ya tsince su ɗaya-ɗaya ya ƙulle a bakin zanensa. Na riƙa dama launi da ruwa har ya zama kusan babu komai a ciki, ina jan kwana ɗaya ya zama biyu. Maiɗakina ta daina yi mini maganar amana, sai dai ranar Lahadi ta ƙulla mini ɗan garin kunu ta ce in kai musu, alhali mu ma ba isar mu yake yi ba.

Lahadi ta bakwai na buɗe akwati a gida na duba, kwanso shida duk a tsage, a kankare, babu abin da zai rina ƙumba. Na yi niyyar in ƙi zuwa. Na zauna a zaure har rana ta ɗaga, sannan na tashi na tafi, don na san yana can an jingina shi yana kallon ƙofa.

A hanya na yi wa kaina dabara. Na lura in ruwa ya taɓa busasshen fentin nan yakan yi haske na ɗan lokaci, kamar sabon shafi. Idon tsohon kuma ya yi rauni. Na gaya wa ɗan, ya sunkuyar da kai ya ce in yi.

Na zauna a gaban katakon yadda na saba. Na jera kwanson wofi, na yi kamar ina matsawa a murfin kwano, na juya buroshi a kai, na tsoma a ƙoƙo na shafa a wuyan saniya. Jan ya yi sheƙi. Na ce, "Baffa, ka ga nan ya fito?" Na koma goshi, na gangaro hanci. Yau babu faɗa, babu nuni da yatsa. Bayana ya jiƙe da gumi, ina shafawa ina jin idonsa a kan hannuna.

Can ya miƙo yatsa ya dangwali inda na shafa, ya duba, ya murza da ɗan'uwansa.

"Mai fenti."

"Na'am, Baffa."

"Ruwa kake shafa mata."

Na rasa ƙaryar da zan yi. Na ce, "Ruwa ne, Baffa. Fentin ya ƙare. Na nema ko'ina ban samu ba."

Ya kalli katakon, laimar tana bushewa tun daga gefe. Na ɗaga buroshin zan ajiye, sai ya riƙe mini hannu, ya tura ƙoƙon kusa da ni da ɗaya hannun.

"Ci gaba, ɗana. Kai mata baki. Ƙishirwa ce ta kashe ta."

Na tsoma buroshin na kai bakin saniyar, ya bushe na sake, ya bushe na sake, hawaye ya hana ni ganin abin da nake yi. Ban tashi ba sai da ƙoƙon ya ƙare. Ranar bai ce mini in dawo ba, kuma da surukarsa ta kawo kunu ya kawar da kai.

Alhamis ina zaune a inuwar tasha a Maigatari na hango ɗan yana tahowa, da buroshin da na bar wa tsohon a hannunsa. Tun bai iso ba na san Baffa ya rasu.